Bakin Bindiga da Gubar Dalma

A zamanin Sarki Faruk na Masar, manya kan fita daga Alƙahira zuwa tafkin Dahshur farautar agwagin daji, da bindigogi masu watsa ƙwayoyin dalma. Tun 1874 wani maƙerin Ingila, W.W. Greener, ya inganta dabarar matse bakin bindiga, don ƙwayoyin su tafi a dunƙule. Irin wannan ce maharban talotalo a Amurka ke so. To amma ƙwayoyin da suka faɗa ruwa, agwagi kan haɗiye su, gubar ta kashe su. Shi ya sa a 1991 Amurka ta haramta harbin tsuntsayen ruwa da dalma. Ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbinta kuwa, taurinsu kan iya lalata matsattsen bakin tsohuwar bindiga.