Gwagwarmayar Ogoni kan malalar man fetur

An kafa ƙungiyar MOSOP ta al'ummar Ogoni da ke Jihar Ribas a 1990, domin yaƙi da malalar mai da ke lalata gonaki da rafukan kamun kifi. Ranar 4 ga Janairu, 1993, kimanin mutane 300,000 suka yi zanga-zangar lumana. A shekarar ce kamfanin Shell ya daina haƙar mai a yankin, ko da yake bututunsa sun ci gaba da ratsa garuruwan. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye jagoran ƙungiyar, Ken Saro-Wiwa, da wasu mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace yankin na iya ɗaukar shekara 30.