Tarihin Sassaƙar Siffofin Namun Daji a Ƙasar Kamba ta Kenya

Gabatarwa

Masu tara kayan fasahar Afirka da dama suna ɗaukar giwa da raƙumin dawa na katako da ake sayarwa a Nairobi da Mombasa a matsayin gado na tun kaka da kakanni. Wannan maƙala za ta nuna cewa sana'ar ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma mai saye ne ya tsara mata hanya tun daga tushe.

Asalin Sana'ar

Kafin zuwan Turawa, sassaƙar Kambawa ta tsaya ne ga kayan amfanin gida, kamar kujeru masu ƙafa uku da cokula da amya. Wanda ake jingina wa sabon salon shi ne Mutisya Munge, mutumin Wamunyu a yankin Machakos. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914-1918) ya yi aiki da rundunar 'yan dako ta Ingila a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau. A can ya ga masassaƙan Zaramo suna yin mutum-mutumi don sayar wa Turawa. Da ya koma gida sai ya kama sana'ar, danginsa da maƙwabta suka koya daga gare shi.

Bunƙasar Kasuwa

Masu saye na farko su ne jami'an mulkin mallaka da Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwa ta faɗaɗa, musamman a shekarun 1950 da aka jibge sojojin Ingila saboda yaƙin Mau Mau, sannan 'yan yawon buɗe ido suka biyo baya. Baƙon da ya ga karkanda a daji yana son komawa gida da tsarabar da za ta tuna masa, don haka siffofin dabbobi suka yawaita. A 1958 Walter Elkan ya buga nazari a kan wannan ciniki, wanda a lokacin ya riga ya kai Turai da Amurka. Yawan buƙata ya kawo rabon aiki: wani ya fitar da siffa da gizago, wani ya goge, wani ya shafa mai.

Matsalar Itace

Wannan bunƙasa ta zo da nata hasara. Itatuwan da masu saye suka fi so, wato muhuhu da baƙin itacen mpingo, suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su ƙosa. A shekarun 1990, lokacin da aka ƙiyasta masassaƙan Kenya sun kai 60,000, waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Wannan ya sa aka shiga jan hankalin masassaƙa zuwa ga dogon yaro da mangwaro, masu saurin girma. A 2017 kuma aka sanya mpingo cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa zaɓin mai saye ne ya haifar da siffar, shi ne kuma ya ƙarar da itacen. Saboda haka ɗorewar abincin dubban iyalai a Wamunyu da Mombasa ta dogara ne ga amincewar masu tara kayan da giwar dogon yaro a madadin ta mpingo.