Daga gyaran rediyo zuwa ɗora Windows a Kwanar Dangora

Kwanar Dangora mararraba ce. A nan hanyar Tudun Wada da Doguwa, wadda ke ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos, ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya. Kayan da ke shigowa Kano daga kudu ta nan suke wucewa, kuma kowace sabuwar na'ura ta sauka a garuruwan yankin, ba a daɗewa sai mai gyaranta ya kafa tebur a bakin hanya.

Na farko shi ne mai gyaran rediyo. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyukan Kiru da Bebeji. Mai gyaran wancan zamani bai yi boko mai nisa ba. Kayan aikinsa sukudireba ne da dalma da ƙarfen narka ta, sai hanci: yakan buɗe akwatin ya shinshina ya gane inda ya ƙone. Ta hannunsa rakoda ta wuce, sannan bidiyo.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka buɗe layukan wayar salula. Samari suka riƙa tafiya Kano koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da titin Beirut, su dawo gida su buɗe shago, rabi caji rabi gyara. Kwamfuta ta biyo baya a hankali, ta shagunan buga takardu. Abin da ya tura ta cikin gidaje shi ne jarabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Daga nan uban da bai taɓa danna madannai ba ya fara tambayar kuɗin laftof.

Kuma ba sabuwa ake saye ba. Ta hannu ce, wadda ake kira 'yar Baljiyam ko da daga Amurka ta fito, ta sauka Legas, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta hau mota zuwa Arewa. Ta riga ta yi shekaru a wani ofishi kafin ta zo. Abu na farko da ake mata shi ne fomatin, a ɗora Windows sabo, da can daga faifan CD, yanzu daga filashi. A nan ne kuma take yawan tona asirinta: aiki ya yi nisa, sai allo ya yi baƙi, ta mutu ɗif.

Yaron da ya koyi ɗora manhaja kawai zai ce filashin ne, ya sake kwafa, ya sake gwadawa, ta sake mutuwa. Wanda ya gaji hannun masu rediyo kuwa tafin hannu zai fara sawa a bakin ramin iska. Ɗora Windows na sa furosesa da ma'ajiyar bayanai aiki ba hutu, zafi ya hau, kuma an ƙera furosesa ta yadda idan ta kai wajen digiri 100 za ta yanke wutar da kanta don kada ta ƙone. To sai ya kwance bayan laftof ɗin. Tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi yakan tarar da ƙurar hunturu ta dunƙule kamar audugar katifa. Ya zare ta da tsinke, ya share da tsohon buroshin haƙori, ya kankare man da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla, wanda ya bushe ya zama gari, ya ɗiga sabo. Idan bayan haka ta ci gaba da mutuwa, sai ya cire ram ya goge bakinsa da abin goge fensir, ya gwada ɗaya bayan ɗaya, kafin ya zargi ma'ajiyar.

Akwai zamanin da wannan duka ba ya magani. A 2008 kamfanin Nvidia ya amsa cewa wasu na'urorin hoto da ya sayar wa masu ƙera laftof suna lalacewa da zafi, ciki har da waɗanda ke cikin wasu HP Pavilion irin dv6000 da dv9000. Da aka gaji da su a Turai da Amurka, da yawa nan suka ƙare. Masu gyara suka riƙa gasa wurin da injin hura iska mai zafi. Laftof ɗin takan tashi, amma ba ta daɗewa, kuma mai gaskiya a cikinsu yakan faɗa wa mai kaya haka tun kafin ya karɓi kuɗi.

Sai maganar wuta. Batirin 'yar Baljiyam sau da yawa ya gama mutuwa, caja ce kaɗai ke riƙe da ita, ita ma cajar ta bogi. NEPA ta zama PHCN a 2005, KEDCO ta karɓi rabon wuta a 2013, amma ko ƙiftawar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta katse aikin awa guda. Shi ya sa ake tayar da janareta kafin a fara, kuma wanda ya samu hali ya koma sola.

Yanzu matsalar ta sauya fuska. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman ram giga 4 da wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, wadda tsofaffin laftof da dama ba su da ita. Waɗannan ba sa kaiwa ga mutuwa a tsakiyar aiki. Tun daga farko ake ce musu ba su cancanta ba. Masu gyara na da dabarar tsallake wannan shinge da manhajar Rufus, wasu kuma sun fara ɗora wa ɗalibai Linux.