Zango da Iyaka: Tarihin Hanyar Gwanja ta Ƙasar Kabi

Matafiyin da ya tashi daga Rikoto, cikin garin Zuru, ya bi ta Mahuta ya faɗa Koko, to ya hau tsohuwar hanya ko da bai sani ba. In ya yi kudu zai sauka Yawuri, bakin Kwara. In ya yi arewa zai riski Jega, daga can ya miƙe Kamba, bakin iyaka. Waɗannan wurare suna kan turbar da fataken Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi zuwa Gwanja sayen goro. Ƙasar Zuru ita kanta ba ita ce cibiyar wannan fatauci ba, amma tana tsakanin Yawuri da Gummi, garin da Kambarin Barebari suka zauna, su kuwa tare da Agalawa da Tokarawa su ne ginshiƙan cinikin goro a ƙarni na 19.

Abin tambaya shi ne, ta yaya talaka da jakinsa yake ratsa ƙasashen sarakuna barkatai, waɗanda ba ya jin harshensu, ya je ya komo da dukiyarsa? Amsar tana ga zango.

Asalin ma'anar zango ita ce wurin da ayari ya yada kaya ya kwana, har ma da tsawon tafiyar yini tsakanin masauki da masauki. Ayari kuwa ba taron yuyuyu ba ne. Yana da madugu, wanda shi ke da yanke magana. Da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da ruwa. Da ubandawaki mai tara kuɗin da za a biya sarakuna. Da malami mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Girmansa ma abin mamaki ne. A 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da wani ayari a Kaiama, ƙasar Bargu, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Akan tashi da rani, bayan an kau da amfanin gona, rafuka sun janye. Tun da asuba ake ɗaura wa jakuna kaya, a yi tafiya har rana ta take, sa'an nan a sauka, galibi a bayan gari, kusa da ruwa. Nan da nan sai a sari itace da ciyawa a kafa bukkoki, a jibge kaya a tsakiya, a turke dabbobi, a hura wuta, a sa 'yan gadi. Mata su kama girki, matan gari kuma su fito da fura da hatsi, kasuwa ta ci kafin magariba. A wajen tafiya kayan su ne kanwa, da turkuɗi, da jar fata, da busasshiyar albasa, da dabbobi. Akwai kuma bayi, waɗansu suna ɗauke da kaya, waɗansu su ne kayan; tarihin da ya ɓoye wannan bai faɗi gaskiya ba. A wajen komowa aikin ya fi yawa, domin goro ba ya son sakaci. Dole a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince mai sankara don kada ya ɓata sauran.

A wancan zamani iyaka ba layi ba ce, mutum ce. Bayan an ƙetare Kwara a Yawuri ko Illo an biya fito, sai Nikki, sai Jugu, sai Sansanin Mango (sunan da kansa yana nuna asalin garin), sai Yandi, sai Salaga. A kowace masarauta madugu zai aika da gaisuwa, a yi ciniki a kan abin da za a biya, wani lokaci a yi kwanaki ana ja-in-ja. Sarki mai haɗama yakan tsawwala, amma ya san in ya wuce gona da iri ayarin baɗi zai sake hanya, kasuwarsa ta mutu. Wannan tsoro shi ne garkuwar fatake, fiye da kwari da bakan da suke rataye da su, ko da yake 'yan fashin Bargu ba su bar kowa ya yi barci da minshari ba.

Sannu a hankali waɗansu masaukai suka daina tashi. Wanda rashin lafiya ko karayar jari ta tsayar ya gina ɗaki, ya zama mai masaukin baƙi, ya zama dillali, ya yi aure. Aka gina masallaci, aka naɗa Sarkin Zango. Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano, ya zauna a Kabi, ya bi wannan hanya har Salaga, ya ƙare rayuwarsa yana limamin zangon Kete Krachi a 1934. Ya koma can ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa kasuwar da masu ita.

Daga nan sai Turawa. A 1894 Lugard da wani hafsan Faransa suka yi tseren isa Nikki, kowa yana neman sa hannun sarki. Yarjejeniyar 1898 ta raba Bargu biyu: Busa ga Ingila, Nikki ga Faransa. Mango da Yandi suka faɗa hannun Jamus, Salaga hannun Ingila. Hanya ɗaya ta wayi gari tana ratsa ƙasashen mulkin mallaka huɗu, kowace da kwastan ɗinta da kuɗinta. Ma'aikacin kwastan kuwa ba ya tsoron ayari ya sake hanya, domin albashinsa ba daga kasuwar garin yake fitowa ba. Duk da haka ba iyaka kaɗai ta kashe ayari ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka koma ɗaukar goro ta teku daga Ankara zuwa Ikko, daga can a sa shi a jirgi. Alhassan Ɗantata, wanda Ba'agale ne, yana cikin waɗanda suka fara gane wannan sauyi. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin goron Gwanja, aka rage bukatar zuwa nesa.

Ayari ya mutu, zango ya rage, kuma a nan ne matsalar take. Mazaunin zango baƙo ne da izinin sarkin gari, ba da takarda ba. Da ƙasashe suka sami 'yanci sai aka fara tambayarsa fasfo. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka hau manyan motoci har da jikokin fatake, waɗanda ba su taɓa ganin Kabi ko Kano ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa baƙinta irin wannan, alhali ita ce kan gaba wajen kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, wadda ta amince da 'yancin zirga-zirga a 1979. Ma'aikacin da ke buga hatimi a bakin iyaka ya kamata ya san cewa mutanen da yake tsayarwa sun riga teburinsa zama a wurin.

Kwanan bakin iyaka bai ƙare ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, ba nisa da Kamba. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano na makonni, direbobi suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, suna girki a gefen titi, masu tallar abinci suna kewayawa. Fasinjoji kuwa suka gangara bakin Kwara da kayansu a ka, suka biya masu kwalekwale kuɗin fito.