Teburin Wasa a Tarihin Sana'ar Rubuta Labaran Al'ajabi

Abin da ake nufi da labarin al'ajabi a nan shi ne ƙagaggen labarin da sihiri da dodanni ke taka rawa a cikinsa, irin yanayin da mai karatun Hausa ya sani a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Ganɗoki na Bello Kagara, sai dai a Ingila da Amurka an ɗora masa wani sharaɗi, wato marubuci ya gina duniya sukutum, da taswirarta da tarihin sarakunanta, wani lokaci har da harsunanta. Na waje kan ɗauki wasanni da tafiye-tafiye da kiwon dabbobi a matsayin abin da marubuci ke yi bayan ya ajiye alƙalami, amma masu sana'ar sun san cewa manyan littattafan fagen da dama a can aka fara ƙera su.

Fagen ya taso ne daga gida biyu da ba su yi kama da juna ba. A Ingila aikin malaman jami'a ne a lokacin da suka samu sarari, domin J.R.R. Tolkien farfesa ne na tsohon Ingilishi a Oxford sa'ad da ya fitar da The Hobbit a 1937, kuma yakan karanta babin da ya rubuta a gaban C.S. Lewis da sauran abokansu na ƙungiyar Inklings, su yaba ko su kushe. Shi da kansa ya bayyana cewa tafiyar ƙasa da ya yi a duwatsun Suwizalan a 1911 ita ce tushen ratsa tsaunukan da jarumin littafin ya yi. A Amurka kuwa neman abinci ne tsagwaronsa, inda mujallu masu araha irin su Weird Tales, wadda aka kafa a 1923, suke biyan marubuci gwargwadon yawan kalmominsa, kuma a nan Robert E. Howard ya fito da jarumi Conan a 1932 daga wani ɗan ƙaramin gari a jihar Texas. Kasuwa ce ta haɗa gidajen biyu, bayan an buga The Lord of the Rings a bugu mai sauƙin kuɗi a Amurka a 1965 ɗalibai suka yi masa rubdugu, sannan a 1977 kamfanin Del Rey ya tabbatar da The Sword of Shannara na Terry Brooks cewa sabon marubuci ma zai iya cin kasuwa da irin wannan labari.

A tsakanin waɗannan shekaru ne, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ya sauya tarbiyyar marubutan da suka biyo baya. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kan tebur, kowa riƙe da takardar da aka rubuta ƙarfin tauraronsa da basirarsa da makamansa cikin lambobi, ɗaya kuma ya zama jagora, wanda shi ne ya zana taswira, ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, yake kuma magana da bakin duk wanda aka tarar a hanya. Idan ɗan wasa ya ce zai kai sara ko zai haura katanga, sai a jefa ƙwaya mai lambobi, wadda fitacciyarta fuska ashirin gare ta, abin da ta nuna shi ne hukunci. Wasan daga littattafai ya sha nono, har Gygax ya jera sunayen marubutan da ya ɗebo daga gare su a ƙarshen littafin jagora na 1979, ciki har da Howard da Fritz Leiber da Jack Vance, wanda daga wurinsa aka aro ƙa'idar cewa matsafi yakan manta ƙulumboton da ya haddace da zarar ya yi aiki da shi. Aron ya yi yawa ta ɓangaren Tolkien, sai da masu haƙƙin ayyukansa suka yi barazanar ƙara, aka sauya sunayen wasu halittu.

Ba a jima ba bashin ya fara komawa inda ya fito. Raymond Feist ya gina Magician na 1982 a kan duniyar da shi da abokansa suke wasa a cikinta a San Diego, Margaret Weis da Tracy Hickman suka fara jerin Dragonlance a 1984 a ƙarƙashin kamfanin wasan kansa, su kuma Steven Erikson da Ian Esslemont, 'yan Kanada masu ilimin tono kayan tarihi, sun daɗe suna wasa a daular Malazan kafin littafin farko ya fito a 1999. Abin da jagoran wasa ke koya, wanda marubucin da ke kaɗaice a ɗaki ba ya samu da wuri, shi ne ganin fuskar masu sauraro a daidai lokacin da labari ya fara gundurarsu, da kuma dole ta yi wa sihiri iyaka, tun da 'yan wasa ba za su yarda a ceci jarumi da wata dabarar da ba a faɗa tun farko ba. Illar ma sananniya ce ga editoci, waɗanda kan gane rubutun da aka kwaso daga tebur tun a babin farko: mayaƙi da ɓarawo da matsafi sun haɗu a masauƙi ba tare da dalili ba, faɗa na bin faɗa, kuma babu wanda ke da uwa ko bashi ko gona. Waɗanda suka yi suna su ne suka ɗauki duniyar suka bar abin da ya faru a daren wasa.

Dabbobin gida ma sun shiga aikin, ko da yake ba su kai wasa tasiri ba. Leiber da Ursula Le Guin da Terry Pratchett duk sun yi rubutu a kan kyanwa, George R.R. Martin kuma ya sha faɗin cewa 'yan kunkurun da ya kiwata yana yaro a Bayonne, cikin wata fadar wasan yara, su ne sarakuna da jarumawa na farko da ya ƙaga wa cin amana, domin da ɗaya ya mutu sai ya yanke cewa 'yan'uwansa ne suka kashe shi a kan sarauta. Tafiya kuwa ta tashi daga yawon buɗe ido ta koma wajibin sana'a, tun daga babban taron marubuta da masu karatu na duniya da aka fara a New York a 1939, inda ake haɗuwa da edita da dillalin littafi, zuwa zagayen sa hannu a kantunan littattafai, wanda ke cinye makonnin da ya kamata a yi rubutu.

Da wasa ya koma kan kwamfuta, sai maganar ta zama ta yarjejeniya da kuɗi. Andrzej Sapkowski na ƙasar Folan, wanda ya fara labaran The Witcher a mujallar Fantastyka a 1986, ya sayar wa kamfanin CD Projekt haƙƙin yin wasa a kan kuɗi dunƙule, ya ƙi karɓar kaso daga riba saboda bai zaci abin zai yi kasuwa ba. Wasan farko ya fito a 2007, na uku a 2015 ya game duniya har ya jawo wa littattafan masu karatu a harsuna da yawa, kuma a 2018 marubucin ya nemi a biya shi ziloti miliyan 60, kafin ɓangarorin biyu su sasanta da sabuwar yarjejeniya a ƙarshen 2019.