Ansel Adams, Mai Hoton Duwatsu, da Abin da Ya Shafe Mu a Abuja

Tarihinmu na wannan karon ya tsallaka teku zuwa Amurka, kan wani mutum da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hoton duwatsu da koguna da gajimare, baƙi da fari. Sunansa Ansel Adams. Wani zai ce ina ruwanmu da shi? Mu da muke kwana muna tashi tsakanin Dutsen Aso da Dutsen Zuma, muna kallon tirela na fita da tsakuwa daga Mpape, ruwanmu ne.

An haife shi a birnin San Faransisko a 1902, ya rasu a 1984. Tun yana yaro bai jitu da zaman aji ba, har mahaifinsa ya cire shi daga makaranta aka ci gaba da koyar da shi a gida. Da fari kiɗan fiyano ya sa a gaba. A 1916, yana ɗan shekara 14, iyayensa suka kai shi kwarin Yosemiti a jihar Kalifoniya, suka ba shi 'yar ƙaramar kyamarar Kodak. Daga nan kusan kowace shekara sai ya koma, har fiyanon ya zama na shaƙatawa kawai.

Hoton da ya fito da shi ya ɗauke shi ne a 1927. Akwai wani ƙaton dutse a Yosemiti da ake kira Half Dome, mai fuska a miƙe kamar an yanka shi da wuƙa. Adams ya hau da kyamara mai nauyi da farantan gilashi, don a kan gilashi hoton ke zama a irin wannan kyamarar. Da ya isa inda yake so, faranti biyu suka rage masa. Ya ɗauki na farko yadda aka saba. Sai ya tsaya ya ga cewa abin da zai fito ba shi ne abin da ya ji a ransa ba da ya ɗaga kai ya dubi dutsen. Ya sa jan gilashi a bakin kyamarar ya ɗauki na ƙarshe. Sama ta fito baƙi ƙirin, dutsen ya tsaya da kwarjini. Tun daga ranar ya riƙe ƙa'idarsa: mai hoto ya ga hoton a zuciyarsa kafin ya danna.

Daga baya shi da abokinsa Fred Archer suka mayar da wannan ilimi mai lissafi. Suka raba haske gida 11, daga baƙin da ba a ganin komai a cikinsa zuwa farin da ba a ganin komai a cikinsa, yadda mai hoto zai auna ya san matakin da kowane ɓangare zai faɗa tun kafin a wanke. Har yau ana koyar da wannan a makarantun hoto. Shi ya sa hotunansa ba sa kama da na katin jarrabawa: ana ganin tsagar dutse a cikin inuwa, ana ganin zaren gajimare a cikin haske. Mafi shahara shi ne na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941 daga bakin hanya, rana na shirin faɗuwa, ya nemi na'urar auna haske bai gan ta ba, ya yi lissafin da ka. Ya wanke wannan hoton fiye da sau 1,300 da hannunsa. A 2006 an sayar da kwafi ɗaya a kan dala 609,600.

Amma ba kuɗin ne ya sa muka kawo shi nan ba. Adams ya yi shekara 37 a kwamitin gudanarwar ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club. A 1936 ya ɗauki hotunansa ya tafi Washinton yana bin 'yan majalisa, yana nuna musu wani yanki mai suna Kings Canyon da ake so a killace. Bai yi nasara ba a lokacin. A 1938 ya buga hotunan yankin a littafi, littafin ya kai hannun sakataren harkokin cikin gida Harold Ickes, shi kuma ya nuna wa Shugaba Roosevelt. A 1940 aka mayar da wurin gandun ƙasa. Ba hoto kaɗai ya yi aikin ba, amma 'yan majalisar da ba su taɓa taka wurin ba a hoton suka fara ganin abin da za a yi asara. A 1980 Shugaba Carter ya ba shi lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka.

To, ga inda muke da ja. A shahararrun hotunansa na Yosemiti da wuya ka ga mutum. Dutse ne da ruwa da itatuwa, kamar ba a taɓa hura wuta a wurin ba. Alhali kwarin na da masu shi, mutanen Ahwahnichi, waɗanda aka kora da bindiga a 1851. Waɗanda suka dawo sun zauna a gefe har a zamanin Adams, sai a 1969 aka rushe gidajensu na ƙarshe. Bai kore su ba, amma hotunansa sun koya wa duniya kallon wurin babu su. Don adalci, mutumin ya san ɗaukar mutane in ya so: a 1943 ya shiga sansanin Manzanar inda gwamnati ta tsare Amurkawa 'yan asalin Japan kimanin 10,000 lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ɗauki fuskokinsu, ya buga littafi a 1944, ya sha zagi a kai.

Wannan labarin na ƙasa mai kyau da aka nuna kamar ba kowa a cikinta, mu a nan mun san shi. A watan Agustan 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka yi dokar kafa sabon babban birni, kwana goma kafin a kashe shi. An zaɓi wurin ne don yana tsakiya kuma ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu. Daga nan magana ta zame a bakin mutane ta koma wai daji ne da babu mai shi. Alhali Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, da Gade da Gwandara da Koro da Bassa suna nan da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Mutanen Wuse aka kwashe su zuwa Sabon Wuse a jihar Neja. Sunan ma aro ne: tsohuwar Abuja ta Abu Ja ita ta ba da sunanta ta koma Suleja. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya tare.

Hotunan Abuja da suka fi yawo na gine-gine ne: ƙofar birni, babban masallaci, majalisa, tituna masu faɗi. Dutsen Zuma ya hau takardar naira 100, amma shi kaɗai, kuma a ƙasar Neja yake. Tsaunukan Mpape kuwa an ci su da nakiya shekara da shekaru, har wani ramin da aka bari ya cika da ruwa ya zama wurin da matasa ke zuwa ɗaukar hoto. Da ƙasa ta yi motsi a Mpape da Maitama a watan Satumban 2018, hukuma ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci. In za a je gaban hukuma a ce ga yadda tudun nan yake shekara talatin da suka wuce, me za a ɗora a kan tebur?

Ba wai ba a taɓa irin wannan aikin a ƙasar nan ba. E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria a zamanin Turawa, ya zagaya ƙasar da kyamara, dubban hotunansa yanzu suna jami'ar Northwestern a Amurka. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya auna ya kuma ɗauki hoton gine-ginen ƙasa na Arewa, har da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mikaila ya gina. An sauya fasalin masallacin daga baya, amma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos, kuma littafin Dmochowski ya fito a 1990 bayan rasuwarsa.

Na Abuja kuwa, da yawansu suna cikin akwatunan dattawanmu da suka zo a farkon shekarun 1980, leburori da direbobi da 'yan tireda da ma'aikatan da aka fara turowa daga Legas. Hoton biki ne ko na sallah, mutum ya tsaya gaban mota ko gaban rumfa, amma a bayansa ga tudu da ba a fasa ba, ga bukkokin ƙauyen da yau ya zama unguwa mai lamba. Masu iya cewa nan Garki ce, can Durumi ce, wancan rafin yanzu kwalta ce a kansa, yawancinsu sun haura shekara saba'in.