Tal National: Bayan "Kaani", sai me?

In ka bi Kogin Kwara daga Warra ka haura, ka wuce Yawuri, wata rana sai Yamai. Can ne Almeida, alƙali mai kaɗa jita, ya kafa ƙungiyar Tal National a 2000. Sun shekara 13 suna raba dare da kiɗa kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu "Kaani" a 2013. Kwatsam sai ga su a jaridun Amurka.

To, a nan gizo ke saƙar: za su sassauta kiɗan ne don kunnen Turawa?

"Zoy Zoy" na 2015 ya raba gardama. A Yamai suka naɗe shi, kalangu na nan daram, jita kuwa sai ƙarin zafi. Ashe sun san kowa ya bar gida, gida ya bar shi.